Mazaɓa Ɗaya A Baki, Sunaye Huɗu A Takarda

Mu Hausawan Mai Wurno da ƙauyukan Jazira, "da'ira" muke kiran yankin da ɗan majalisa yake wakilta. A zaɓen Sudan na 2010, da'irori 270 ne suka tura wakilai majalisar ƙasa. Da Turanci sunanta "constituency".

Abokan cinikinmu na Nijeriya kuwa duka "mazaɓa" suke cewa, amma a takarda da bambanci. Yankin kansila "ward" ne, na sanata "senatorial district", rumfar jefa ƙuri'a kuma "polling unit".

To, ɗan kasuwar da zai kai kukan harajin iyaka, in ya rubuta "ward", ƙofar kansila ya ƙwanƙwasa, alhali kwastan ta gwamnatin tarayya ce. 'Yan uwa, a duba suna kafin a sa hannu.