Shirin da Ya Ɓace a Landan Aka Tsinto Shi a Jos

Akwai wata magana da ta zauna a bakin matasanmu, daga shagunan tura fina-finai na Kankiya har majalisun dare na Mawashi da Kusada: wai intanet ba ya mantuwa. A cewarsu, duk abin da kyamara ta taɓa ɗauka yana nan ajiye a wani wuri, sai dai in mutum bai iya nema ba. Dattijo zai ce wa ɗansa ya nemo masa wani wasan Samanja ko Karkuzu da ya gani a talabijin yana saurayi, yaro ya ce, "Baba, ai yana nan, a ba ni lokaci." Abin da yakan fito 'yan guntaye ne masu dishi-dishi. Wannan zato yana damuna, domin shi ne ke sa kowa ya naɗe hannu alhali tarihinmu yana ruɓewa a cikin kwali. Labarin wani shirin Turawa da ya ratso ƙasarmu ya isa ya warware shi.

Ranar 23 ga Nuwamba 1963, kwana ɗaya bayan kisan shugaban Amurka John Kennedy, gidan BBC ya fara nuna wani shiri na ƙagaggen labarin kimiyya mai suna Doctor Who. Jarumin shirin, wanda ake kira Dakta, baƙo ne daga wata duniya da ke yawo tsakanin zamunna, yau yana zamanin da, gobe yana shekaru dubu masu zuwa. Abin hawansa, TARDIS, daga waje ɗan akwatin wayar 'yan sandan Ingila ne mai shuɗin fenti, daga ciki kuwa fili ne makeke. William Hartnell ne ya fara fitowa a matsayin Dakta. Da rashin lafiya ta ci ƙarfinsa a 1966, marubutan suka ƙago dabarar cewa jikin Dakta yana sabunta kansa ya koma wata kama, sai Patrick Troughton ya gaje shi. Dabarar nan ce ta sa shirin ya haura shekara 60 ana canza jarumi ba tare da labarin ya yanke ba.

Duk da farin jinin shirin, BBC da kanta ta shafe shi. Tsakanin 1967 da 1978 an goge kaset-kaset masu yawa, an kuma lalata kwafin da ke kan fim. A cikin kashi 253 na shekaru shida na farko, 106 sun kasance a ɓace har zuwa 2013. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kaset ɗin bidiyo na wancan zamani yana da tsada ƙwarai, wurin ajiya ya yi kaɗan, yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaita shiri, ga kuma talabijin mai launi ya shigo, aka ɗauka ba wanda zai sake waiwayar baƙi-da-fari.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya. Kaset tamkar allo yake. Siririn leda ne da aka shafe da garin ƙarfe, na'ura ta jera garin da maganaɗisu ya zama sauti da hoto. In aka ɗora sabon shiri a kai, an wanke allo ke nan an yi sabon rubutu. Amma almajiri ba ya wanke allonsa sai ya haddace, karatun ya koma ƙirjinsa, kuma Alƙur'anin da aka kwafo yana hannun malam. Kaset ba shi da hadda, ba shi da malamin da za a koma wurinsa. Ranar da aka wanke shi, in babu kwafi na biyu, abin ya tafi ke nan har abada, kuma intanet ba zai iya kawo abin da ba a taɓa zuba masa ba.

Abin da ya ceci wani ɓangare na Doctor Who shi ne kasuwanci. BBC tana kwafe shirye-shiryenta a kan fim mai faɗin milimita 16 ta sayar wa gidajen talabijin na ƙasashen waje, wannan ƙasa ta nuna ta miƙa wa waccan. Nijeriya tana cikin masu saye, kuma mun shiga harkar da wuri: Ibadan ta buɗe tasharta a 1959, Kaduna a 1962. A ƙa'ida, wanda ya nuna na ƙarshe zai mayar da fim ko ya lalata shi. Wasu ba su yi ko ɗaya ba. A tsakiyar shekarun 1980 an mayar wa BBC wasu labarai daga Nijeriya, ciki har da The Time Meddler da The War Machines. Sai a watan Oktoba 2013 aka sanar da babban gamo: wani Bature mai farautar tsoffin fina-finai, Philip Morris, ya tarar da gwangwanayen fim a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos, cikinsu akwai kashi tara da duniya ta fid da rai da su. Adadin ɓatattu ya sauko daga 106 zuwa 97.

Labari biyu ne aka samu. Na farko, The Enemy of the World, an nuna shi daga ƙarshen 1967 zuwa farkon 1968, amma an gina shi a kan shekarar 2018. Troughton ya fito a mutum biyu: Dakta, da wani mai kama da shi sak, Salamander, wanda duniya ke yabo saboda ya kawo fasahar da ta bunƙasa noma. A ɓoye kuwa ya tsare wasu masana a ƙarƙashin ƙasa a Ostareliya, ya yi musu ƙarya cewa yaƙin nukiliya ya gurɓata doron ƙasa, yana amfani da su wajen haddasa girgizar ƙasa da aman wuta don ya mallaki duniya. Baƙar 'yar wasa Carmen Munroe ta fito a matsayin Fariah, mai ɗanɗana masa abinci saboda tsoron guba. Na biyu, The Web of Fear na 1968, labarin dodannin Yeti ne na ƙarfe da suka mamaye hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Landan. A nan ne Kanar Lethbridge-Stewart, wanda Nicholas Courtney ya fito a matsayinsa, ya fara bayyana, ya kuma zama ɗaya daga cikin fitattun mutanen shirin. Kashi na uku, inda ya fara fitowa, bai dawo tare da sauran ba. An cike gurbinsa da hotuna da sautin da ya tsira, domin tun a shekarun 1960 masu kallo sun riƙa ɗaukar muryar shirin da rikodarsu a gida. Da taimakonsu ne sautin kowane kashi ya rayu.

To, mu fa? Ƙasar da ta adana wa Ingila tarihinta ba da gangan ba, me ta yi da nata? Kasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya bi shi a 2023. Wasannin da irin su suka yi a Kaduna, da na Karkuzu a Jos, da Kuliya Manta Sabo a Kano, su ne madubin yadda muke magana da sutura da raha a wancan zamani. Fim ɗin Shehu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya daɗe ana ganin ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi a wani tsohon ɗakin ajiya, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta Jamus, aka nuna a Berlin a 2018. Sa'a ce ta cece shi, kuma ba a gina ajiyar al'umma a kan sa'a.

Lokaci kuma ba ya jira. Zafi da laimar damina suna narka ƙaron da ke riƙe garin ƙarfe a jikin kaset, ya yi danƙo ya manne. Tsohon fim yana fara warin tsami, ya yamutse. Ko kaset ya tsira, na'urar kunna shi tana ƙarewa: kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe mai ƙera bidiyon kaset, ya daina a 2016. Intanet ɗin ma yana mantuwa. A 2019 shafin MySpace ya amsa cewa ya rasa waƙoƙin da mutane suka ɗora tsawon shekara 12. Ɗan memorin waya kuwa kowa ya san yadda yake mutuwa dare ɗaya.

Muna da ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasa a Jos, muna da gidajen rediyo da talabijin a Katsina, Kano da Kaduna. Ya kamata hukumomi su ƙirga abin da ya rage a ɗakunansu, su ware kuɗin juyar da shi zuwa kwamfuta, su ajiye kwafi a wurare daban-daban. Mu kuma talakawa, duk mai tsohon kaset na Shata, na wa'azin wani malami, na hawan salla ko na bikin gida, kada ya bar shi a ƙarƙashin gado. A fito da shi, a nemi mai na'ura ya kwafe, a raba wa 'yan uwa biyu ko uku. A yi shi bana, tun akwai abin da za a kwafa.