Tarin Da Ake Haihuwar Yaro Da Shi

A cikin hanci da maƙogwaro da huhun kowane mutum akwai wasu 'yan ƙananan gasu, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Aikinsu shara. Dare da rana suna kaɗawa, suna turo majina da ƙura da ƙwayoyin cuta sama, har a tofar ko a haɗiye.

Akwai yaran da ake haifa gasun nan nasu ba su motsi sosai. Sai majina ta taru a ƙirji, cuta ta sami wurin zama. Irin wannan yaro yakan fara numfashi da ƙyar tun ranar haihuwa. Kullum yana tari mai kaki, hanci na yoyo, kunne na yawan ciwo. Wajen rabin masu wannan cuta zuciyarsu na dama, hanta na hagu. Wani likita na ƙasar Suwizalan, Kartagener, ya bayyana alamun nan a 1933.

A 1976 wani masani ɗan Suwidin, Afzelius, ya gano dalili. Ƙwayar maniyyi tana da jela kamar ta talibambam, da ita take iyo ta kai ga ƙwan mace. Ginin jelar nan iri ɗaya ne da na gashin huhu. In wannan ya lalace, waccan ma takan kasa motsi. Shi ya sa yawancin maza masu cutar ke fama da rashin haihuwa, alhali ƙarfinsu na maza lafiya lau. Saboda haka kada a ɗora wa mace laifi kafin a auna miji.

Cutar gado ce. Ba tarin fuka ba ne, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarta. Galibi sai uwa da uba duka suna ɗauke da irinta, ko da su lafiyarsu ƙalau. A nan kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da ita. An fi samunta inda auren zumunci ya yi yawa.

Har yanzu babu maganin da ke raba mutum da ita, amma ana kare huhu daga lalacewa. A koyi bubbuga ƙirji da baya a asibiti don fitar da kaki kullum. A kammala allurar rigakafi. A nisanta yaro daga hayaƙin murhu da na taba. In tari ya tsananta, a garzaya asibiti, a kuma gaya wa likita cewa tun haihuwa ya fara.