BABI NA UKU: DOKAR TAƘAITA HAYAƘIN ZAIBA DAGA TASHOSHIN WUTAR LANTARKI A AMURKA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ire-iren gubar da masana'antu ke saki cikin iska. Wannan babi zai duba zaiba, da hanyar da take bi daga tashar wutar lantarki zuwa jikin yaro, sa'annan a bi diddigin matakan da gwamnatin Amurka ta ɗauka domin taƙaita ta.

3.1 Yadda Zaiba Take Isa Jikin Yaro

Kwal yana ɗauke da zaiba 'yar kaɗan a cikinsa. Idan aka ƙone shi a tasha, sai ta zama tururi ta bi hayaƙi, daga bisani ruwan sama ya sauko da ita cikin tafkuna da koguna da teku. A ƙarƙashin ruwa, wasu ƙananan ƙwayoyin halitta sukan juya ta zuwa wani nau'i da ya fi guba, wanda masana ke kira metilmakuri. Ƙananan kifaye su ci, manya su cinye ƙanana, gubar kuwa tana ƙara taruwa a kowane mataki. Idan mai juna biyu ta ci irin wannan kifi, gubar takan ratsa mabiyiya ta isa ƙwaƙwalwar ɗan tayi a daidai lokacin da take ginuwa.

An fara gane cutar da wannan guba ke haddasawa a garin Minamata na ƙasar Japan a shekarar 1956, inda wata masana'anta ta daɗe tana zubar da dagwalonta cikin teku. A can aka ga mata waɗanda cutar ba ta bayyana sosai a jikinsu ba suna haifar 'ya'ya masu mummunar naƙasa. Haka kuma, binciken da Philippe Grandjean da abokan aikinsa suka buga a 1997 a kan yaran tsibiran Faro ya nuna cewa ko da gubar ba ta kai ta naƙasa ba, tana rage wa yaro ƙarfin riƙe abu da natsuwa da ƙwarewar harshe.

3.2 Tarihin Dokar

A shekarar 1990 Majalisar Dokokin Amurka ta yi wa Dokar Tsabtar Iska gyaran fuska, ta lissafa abubuwa 189 masu haɗari, ciki har da zaiba. Sai dai ta ce kada a ɗora wa tashoshin lantarki ƙa'ida sai Hukumar Kare Muhalli ta yi nazari ta tabbatar da cewa yin hakan ya dace kuma ya wajaba. Hukumar ta yanke wannan hukunci a watan Disamba na 2000.

A 2005 gwamnatin George W. Bush ta fito da tsarin da ya ba tashoshi damar saye da sayar da izinin fitar da zaiba a tsakaninsu. Masu suka suka ce tashar da ta sayi izini za ta ci gaba da gurɓata ruwan maƙwabtanta. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke tsarin a 2008. A watan Disamba na 2011, zamanin Barack Obama, aka sa hannu a kan sabuwar ƙa'ida wadda ta yanke wa kowace tasha iyakar abin da za ta fitar, aka ba su wa'adi zuwa 2015. Mafi yawansu sun bi hanyar fesa garin gawayi na musamman cikin hayaƙi domin ya kama zaibar, ko kuma girka na'urorin wanke hayaƙi.

3.3 Taƙaddama a Kan Kuɗi

Hukumar ta ƙiyasta cewa ƙa'idar za ta ci dala biliyan 9.6 a shekara. Amfanin rage zaiba kaɗai da ta iya ƙidayawa da kuɗi bai wuce dala miliyan 4 zuwa 6 ba, amma da aka haɗa da amfanin rage ƙurar hayaƙi sai ya kai biliyan 37 zuwa 90. A kan wannan ne jihar Mishigan da wasu suka kai ƙara. A 2015 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce hukumar ta yi kuskure da ba ta auna kuɗin tun farko ba, amma ba ta soke ƙa'idar ba. Daga nan hukuncin hukumar ya riƙa sauyawa da sauyin gwamnati: an janye shi a 2020, an dawo da shi a 2023, an tsaurara ƙa'idar a 2024, sannan a 2025 aka gabatar da shawarar soke wannan ƙarin.

3.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa dokar ta yi tasiri, domin alƙaluman hukumar sun nuna zaibar da tashoshin ke fitarwa ta ragu daga tan 29 a 2010 zuwa tan 4 a 2017. Matsalar da ta rage ita ce ta ma'auni: kuɗin na'ura yana da sauƙin lissafi, amma basirar da yaro ya rasa tun yana ciki ba ta da farashi tsayayye. Babi na gaba zai duba Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ta fara aiki a 2017.