Yadda Ake Kare Bindigar Farauta Da Kyamara Daga Gumin Sanyi

Hunturu lokacin farauta ne, kuma lokacin bukukuwa ne, masu ɗaukar hoto suna samun aiki. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu sanyi yakan tsananta da dare. A wurare masu tudu kamar Jos yakan sauka har kusan digiri 10. A irin wannan lokaci ne ƙarfe da gilashi suke yin gumi.

Me ke kawo gumin?

Iska tana ɗauke da laima wadda ido ba ya gani. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar laima. Idan ta taɓa abu mai sanyi sai laimar ta zama ɗigon ruwa. Haka ake gani a jikin kwalbar lemo da aka fitar daga firji.

Iskar hunturu busasshiya ce, amma ta cikin ɗaki ba haka take ba. Numfashin mutane da tururin tukunya suna cika ta da laima. Maharbi ya kwana a daji, bindigarsa ta yi sanyi ƙarara. Da ya shiga ɗaki sai ruwa ya kwanta mata ciki da waje.

Ina illarsa?

Ruwan yana kawo tsatsa a cikin bututun bindiga. Yana kuma jiƙa albarushi. Jiƙaƙƙen albarushi yakan ƙi tashi, ko ya yi jinkiri sannan ya tashi. Wannan na iya jawo asarar rai. Idan bindiga ta ƙi tashi, a ci gaba da nuna bakinta inda babu kowa, a jira aƙalla minti ɗaya. Kada a kuskura a leƙa bakinta.

Ita kuwa kyamara, gumi yana sa hoto ya fito dishi-dishi. Idan ya daɗe, gilashin yakan yi fumfuna, batir da wayoyin ciki su lalace.

Yaya ake rigakafi?

1. A cire harsashi ko albarushi tun a waje.
2. A naɗe bindiga da bargo kafin a shiga ɗaki, don ta yi ɗumi a hankali.
3. Bayan awa ɗaya ko biyu a buɗe, a goge ta ciki da waje da busasshen tsumma, a shafa man keken ɗinki kaɗan.
4. A sa kyamara cikin leda tun a waje, a ɗaure bakin. Gumin zai tsaya a bayan ledar. Sai ta yi ɗumi a kwance.
5. Idan ta riga ta yi gumi, kada a kunna ta. A cire batir, a bar ta ta bushe.
6. Kada a kanga bindiga ko kyamara a wuta.

'Yan ƙunshin nan da ake samu cikin kwalin sabon takalmi suna tsotse laima. A riƙa jefa su cikin jakar kyamara, amma a nesanta su da yara. Ita ma bindiga a kulle ta inda yaro ba zai kai ba.

Rigakafi ya fi magani.