Ko Ka San Takardar Da Ta Mutu Amma Ta Ci Gaba Da Ba Da Shaida?

Duk lokacin da ka buɗe shafin banki ko na jarida a wayarka, kafin harafi ɗaya ya bayyana, sai wayar ta tsare shafin da tambaya: wa ya san ka? Shafin ya miƙo takardar shaida mai ɗauke da sunansa, da ranar da aka ba shi ita, da ranar da za ta daina aiki. Wayar ba ta yarda haka nan. Takan duba wanda ya sa wa takardar hannu, ta nemi tasa takardar, ta bi wanda ya tsaya wa shi ma, har ta kai ga wata da aka ajiye mata a ciki tun daga masana'anta. Wannan ta ƙarshe ita ce tushe. Cikin ƙiftawa da bismillah an gama.

Wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi zai gane tsarin nan take, domin isnadi ne sak: wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane. Idan mutum ɗaya ya faɗi a tsakiya, ko ya zama ba a san shi ba, silsila ta yanke. Kuma kamar yadda malamai ke bin ranar haihuwa da rasuwar mai ruwaya don su tabbatar ya riski wanda ya ce ya ji daga gare shi, haka wayar take bin kwanan watan kowace takarda. Riƙe wannan batu na kwanan wata, don a kansa labarin yake.

Shi tushe babu wanda ya tsaya masa, shi ya sa wa kansa hannu. An yarda da shi ne kawai saboda Apple da Google da Microsoft da Mozilla sun bincike shi sun sa shi a jerin amintattunsu, jerin da ya haura ɗari. Mabuɗin sirrinsa kuwa ba ya kusantar intanet. A cikin na'ura ta musamman ake kulle shi, ba a fito da shi sai da shaidu.

To, a shekarar 2015 wata ƙungiya a Amurka da ba ta neman riba ta fito da Let's Encrypt, ta fara raba takardun nan kyauta, alhali a da mafi yawa saye ake yi. Ta ƙirƙiri tushenta, ISRG Root X1. Amma sabon tushe baƙo ne, babu wayar da ta san shi. Sai ta je wurin kamfanin IdenTrust, mai wani tsohon tushe da ake kira DST Root CA X3 wanda aka yi tun 2000, ya sa mata hannu. Da wannan lamuni ta bunƙasa, har ta fitar da takarda ta biliyan ɗaya a Fabrairun 2020.

Sai dai tsohon yana da ranar mutuwa a rubuce a jikinsa: 30 ga Satumba, 2021. Har da minti: ƙarfe 3:01 na rana agogon Najeriya da Nijar. Sababbin wayoyi ba su da damuwa, sun riga sun san sabon tushen. Matsalar tana ga duk wayar Android da ba ta kai 7.1.1 ba, wato wadda ta fito a Disambar 2016. A Nuwambar 2020 Let's Encrypt ta bayyana cewa irin waɗannan sun kai kusan kashi 34 cikin 100 na na'urorin Android, kuma masu ƙera su sun daina aiko musu da sabuntawa. Ka tuna yawan tsofaffin wayoyin da ke hannun iyayenmu da 'yan kasuwa da ɗalibai, waɗanda lafiyarsu ƙalau, ba abin da ya same su. Rana ɗaya miliyoyin shafuka za su rufe musu ƙofa.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Masu aikin suka lura cewa Android, da gangan, ba ta duba ranar ƙarewar tushe. Tana duba ta kowace takarda a silsilar, amma in ta kai ga tushen da ke cikinta, sunansa da mabuɗinsa kawai take kallo. Sai a Disambar 2020 aka sanar cewa IdenTrust ta amince tsohon ya sa wa sabon tushen hannu tun yana raye, a kan takardar da za ta yi aiki har 30 ga Satumba, 2024. Shekara uku cur bayan mutuwarsa! Ranar ta zo, agogo ya buga, tushen ya mutu, amma tsofaffin wayoyi har zuwa Android 2.3.6 suka ci gaba da buɗe shafuka kamar ba abin da ya faru. Mai wayar bai sani ba, bai biya sisi ba, bai je wurin mai gyara ba. Ni a ganina wannan na cikin ayyukan kirki mafi girma da aka yi wa talaka a intanet, kuma ba wanda ya yi masa shela.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba, gaskiya. Akwai manhajar OpenSSL, wadda kwamfutocin kamfanoni da yawa ke dogara da ita. Samfurinta na 1.0.2 in ya bi silsila ya ci karo da mataccen tushe sai ya tsaya cak, ko da akwai rayayyen tushe a gefe wanda zai iya tsayawa a kansa. Ranar nan ma'aikatan kwamfuta a ƙasashe da dama sun sha zufa. Maganin ma abin mamaki ne: ba ƙara wata takarda aka yi ba, goge mataccen tushen aka yi daga ma'ajiyar kwamfutar, sai ta ga hanyar da take gabanta tun farko. Wayoyin iPhone da ba su kai iOS 10 ba kuwa, dabarar ba ta cece su ba. Irin wannan ya taɓa faruwa ranar 30 ga Mayu, 2020, da tushen AddTrust ya ƙare, har na'urorin kallo na Roku suka sami cikas.

Kada wani ya ce ai wannan tsanani ya yi yawa. A 2011 an kutsa cikin kamfanin DigiNotar na ƙasar Holan, aka buga takardun jabu sama da 500, ciki har da ta Google, aka yi amfani da ita wajen leƙen asirin masu Gmail kimanin 300,000 a Iran. Da aka gano, masu burauza suka cire tushensa daga jerinsu, kamfanin ya durƙushe a watan Satumba na shekarar. Wanda aka cire wa amana a wannan sana'a ba ya da abin sayarwa kuma.

Lamunin mataccen ya ƙare a 2024 kamar yadda aka rubuta, Let's Encrypt ta tsaya da ƙafarta, kuma tushenta zai kai 2035. A lokacin, mafitar mai tsohuwar waya ita ce burauzar Firefox, don ita tana tafe da nata jerin tushen, ba ta dogara da na wayar ba.

Saura abu ɗaya da masu gyaran waya a Farm Centre ta Kano suka sani sarai. Wani lokaci silsila lafiya lau take, agogon wayarka ne ya ɓata. An cire batir, kwanan wata ya koma shekarun baya, sai wayar ta ga kamar lokacin takardun bai yi ba tukuna, ta hau yi maka gargaɗi a kowane shafi. Don haka in ka ga jan gargaɗin nan, fara da duba kwanan wata. In daidai yake kuma gargaɗin bai tafi ba, musamman a shafin banki, kada ka danna ka wuce, kada ka shigar da lambar sirrinka.