Ɗan lise da cokalin gini

Duk wanda ya taɓa kafa gini a Maraɗi ko Damagaram ya san wannan ciwon kai. Alhaji ya sayi fili, ya biya an zana masa gida a takarda, ya tara siminti da ƙarfe, sa'annan ya miƙa wa magini takardar. Magini ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ninke ya sa aljihu, ya ce Allah ya sa mu fara a sa'a. Wanda ya yi zanen kuwa yana can Yamai cikin biro, ba a ganinsa sai an biya masa kuɗin mota. Tsakanin mai zane da mai cokali akwai mutum guda da muka rasa, wato wanda ya iya karatun takarda kuma ba ya ƙyamar kwaɓa. Wannan mutum, makarantar lise ce ya kamata ta ba mu shi.

Makarantar kuwa akwai ta. Lise Teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi tana da sashen gini, wanda ake kira F4. Yaro in ya ci jarrabawar BEPC sai ya shiga ya yi shekara 3 ya fito da BAC na fasaha, kuma in yana son ƙari ga sashen fasaha na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a nan Maraɗi, ga makarantar EMIG a Yamai.

Abin da ake koya masa ba ƙarami ba ne, kuma ƴan kasuwa su suka fi kowa bukatar su ji shi, tun da aljihunsu ne ke zuba. Yana koyon awon fili da zanen gida, da lissafin nauyin da ginshiƙi zai ɗauka, da ƙiyasin kayan aiki tun ba a haƙa tushe ba. Ya san kankaren da ake zuba wa ƙarfe yana cin siminti kilo 350 a kowace mita mai kusurwa shida, wato buhu 7, kuma in ɗan kwangila ya sa 5 ya ɓoye 2, ido ba ya ganewa a ranar, sai bayan damina uku. Ya san kankare ba ya cika ƙarfinsa sai ya kwana 28, kuma a zafin watan Afrilu in ba a shayar da shi ruwa safe da marece ba, ƙonewa yake yi. Ya san ƙarfen da bai lulluɓu da kyau ba tsatsa za ta ci shi daga ciki. Mai gida da ke da irin wannan yaro a wurin aiki ya huta da rantsuwar ɗan kwangila.

To amma wa ke tura ɗansa? A nan ne ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya. Ma'aikaci yana so ɗansa ya gaje shi a biro, ɗan kasuwa yana so nasa ya zama likita ko ɗan duwan, sashen gini kuwa sai a bar wa wanda aka ce kansa bai ja ba. Sa'annan mu ne dai ke gunaguni cewa aikin ado na gida sai an nemo mutanen Togo da Benin.

Aiki kuwa ga shi jibge. A watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu. A watan Nuwamba na shekarar nan irin wannan masifa ta auku a Maraɗi, yara aƙalla 25 suka tafi. A lokacin hukuma da kanta ta ce azuzuwan zana sun kai kimanin 36.000 a ƙasar. A daminar 2024 ruwa ya rusa gidaje bila adadin, har tsohon masallacin Birnin Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya faɗi, kuma aka ɗage komawa lakkol zuwa ƙarshen Oktoba saboda waɗanda ambaliya ta kora suna kwana cikin azuzuwa.

Sai dai a ganina koyarwar ita ma tana da gyara. Yaron da aka ba siminti da ƙarfe kaɗai, an ba shi rabin sana'a ne, domin mafi yawan ƴan ƙasar nan cikin ginin ƙasa suke kwana, kuma nan gaba ma haka za su yi. Wani zai ce ai ginin ƙasar ne ruwa ya kayar. Haka ne, amma a duba inda ya faɗi: gidan da aka kafa a hanyar ruwa, bangon da ba shi da tushen dutse, indararon da ke zuba a gindin katanga, yaɓen da aka shekara biyar ba a sabunta ba. Waɗannan duka ciwo ne da mai awo da lissafi yake da maganinsa, in an koya masa girmama ƙasa.

Malaman wannan fanni ba sai an je Turai nemansu ba. Falke Barmu, manomi kuma magini, shi ya fara masallacin Yama a jahar Tawa a 1962, da laka da itace, ginin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A 1980 aka fara gwada gini marar itace a Cikal, wajen Filinge, inda ake rufe ɗaki da tulluwa ta tubalin ƙasa ba azara ko ɗaya, abin da ke sauƙaƙa wa giginyun Gaya. A 2018 Mariyam Isufu da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gama sabon masallacin Dandaji da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, suka mai da tsohon ɗakin karatu. Ɗan F4 da bai taɓa zama gaban tsohon magini ya ga yadda ake ɗaura bakan gizo ba, da sauransa.

Hanyar haɗa su ba ta bukatar kuɗin waje. Duk kwangilar ginin aji da magajin gari zai bayar, a rubuta a ciki cewa ɗan kwangila zai ɗauki ɗaliban lise biyu ko uku lokacin babban hutu, su yi awo, su ƙidaya buhu, su riƙe cokali. Alhajin da ke gina shaguna a bakin kasuwa shi ma yana iya zuwa wurin shugaban makaranta ya nemi yaro guda, ya ba shi kuɗin kalaci da littafin rubuta abin da ya shiga da abin da aka kwaɓa kowace rana.