Zane a Matsayin Hanyar Bayyana Abin da ke Zuci

Ya kamata malami ya fahimci cewa ba kowane baƙin ciki baki ke iya furtawa ba. Wani sai an zana shi. Alal misali, a ranar 26 ga Afrilu, 1937, jiragen yaƙin Jamus da Italiya suka yi wa garin Gernika na ƙasar Sifaniya ruwan bama-bamai. A shekarar ce Pablo Picasso ya bayyana takaicinsa cikin wani makeken zane mai faɗin kusan mita 8. Duk da jinin da aka zubar, bai sa jan launi ba, sai baƙi da fari da ruwan toka. A ganina, wannan ne ya ƙara wa zanen nauyi. A gefe guda ga wata uwa rungume da gawar ɗanta, ta ɗaga kai sama tana kururuwa.